Gani ya kori ji: gwaje-gwajen da za ku yi da yara a tsakar gida

Yawancin abubuwan da ke kawo yara asibiti, ido ba ya ganinsu. Ƙwayar cutar da ke sa gudawa ba ta nuna kanta a tafin hannu. Ruwan da ke ɗauke da kwalara yana iya zama garau, babu wari, babu launi. Shi ya sa idan uwa ta ce wa yaro ya je ya wanke hannu, sai ya dubi tafinsa, ya ga babu komai, ya ɗan tsoma yatsu a ruwa don a rabu da shi. An ce masa ya ji tsoron abin da bai taɓa gani ba, to yaya zai ji?

Akwai hanyar nuna masa. A makaranta ana kiranta kimiyya, kuma mutane da yawa suna tsammani sai da manyan na'urori ake yinta. Amma tushenta shi ne a yi tambaya, a faɗi abin da ake zato, a gwada, sannan a duba abin da ya faru. Kayan da wannan ke bukata suna nan a gidanku: kwalbar roba, gishiri, sabulu, man gyaɗa, gawayi, lemun tsami, kanwa. Abu ɗaya nake roƙonku, ku iyaye. Kafin kowane gwaji, ku tambayi yaron, "Me kake tsammani zai faru?" Ku bar shi ya faɗa ko da ya kauce, kada a yi masa dariya. Yaron da zatonsa ya kauce, ya kuma ga gaskiya da idonsa, ya fi riƙe darasin a kan wanda aka gaya masa amsa tun farko.

Hannu da sabulu

Ku daka ɗan gawayi ya yi laushi, ku kwaɓa da cokali ɗaya na man gyaɗa, ku shafa wa yaro guda a hannu. Sai ku ce ya ci gaba da harkarsa na ɗan lokaci: ya gaisa da ƙannensa, ya ɗauki moɗa, ya buɗe ƙofa. Bayan minti goma a taru a bi sawun baƙin. Za a same shi a bakin randa, a rigar ƙanwa, kusan kullum har a hancin mai hannun, domin yaro ba ya daɗewa bai taɓa fuskarsa ba. Haka ƙwayoyin cuta ke tafiya daga masai zuwa kwanon tuwo, sai dai su ba baƙi ba ne.

Yanzu sai wanki. Ya fara da ruwa zalla. Baƙin zai yaɗu ne kawai, ba zai fita ba. Sannan a ba shi sabulu, a ƙirga tare a hankali har ashirin yana cuɗawa, a duba tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, inda baƙin ke maƙalewa ƙarshe.

Idan ya tambayi dalili, ku ɗauki kwalba, ku zuba ruwa zuwa rabi, ku ƙara mai kaɗan, ya girgiza. Da an ajiye, man zai taso sama ya ware. A sa ɗan sabulu a sake girgizawa: ruwan zai yi fari kamar nono, man kuma ba zai ware da sauri ba. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai biyu, ɗaya yana kama mai, ɗaya yana kama ruwa. Fatarmu tana da maiƙo, datti da ƙwayoyin cuta suna manne a cikinsa. Sabulu ya kama maiƙon, ruwa ya ja sabulun, duk su tafi tare.

Ko likitoci sun daɗe ba su yarda da wannan ba. A shekarar 1847, a wani asibitin haihuwa a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Semmelweis ya tilasta wa abokan aikinsa su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa mai naƙuda. A watan Afrilu na shekarar, kimanin mata 18 cikin 100 ne suka mutu a ɗakin. A watan Yuni, bayan an fara wankin, sun koma kimanin 2 cikin 100. Duk da haka manyan likitocin zamanin da yawa sun ƙi maganarsa, domin su ma sun dubi hannunsu sun ga babu komai.

Ruwa mai haske ba shi ne mai tsabta ba

Wannan shi ne gwajin da na fi so a fara yi a kowane gida. Ku ɗauki kofi biyu na gilashi, ku cika su da ruwan sha. Ba tare da yara sun gani ba, ku narkar da gishiri a ɗaya. Ku ajiye su gefe da gefe, ku ce su nuna mai gishirin da ido kaɗai. Ba za su iya ba sai sun ɗanɗana. Sannan ku zuba kaɗan daga mai gishirin a murfin tukunya mai duhu, ku shanya a rana. Ruwan zai tafi, farin gishiri ya fito. Yana nan tun farko, ido ne bai gan shi ba.

Daga nan sai a koma ga ruwa mai laka, irin wanda ake ɗebowa a rafi da damina. A cika kwalba biyu masu lita ɗaya-ɗaya. A samo busassun 'ya'yan zogale, a ɓare, a daka farar ƙwayar ta zama gari. Ƙwaya ɗaya ta isa lita ɗaya, biyu idan lakar ta yi yawa. A dama garin da ɗan ruwa, a zuba a kwalba ɗaya, a girgiza da ƙarfi minti ɗaya, sannan a riƙa juyawa a hankali kamar minti biyar. A ajiye kwalaben biyu, kada a taɓa. Bayan awa ɗaya ko biyu, mai zogalen za ta washe, lakar ta kwanta a gindi, ɗayar kuwa tana nan ja. Akwai wani sinadari a ƙwayar zogale da ke jawo ƙananan ɓarɓashin laka su dunƙule, su yi nauyi, su nutse. Matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna tace ruwan kogi da wannan dabara.

A nan ne yaro zai ce, "Inna, to yanzu a sha?" Ku tuna masa da kofin gishiri. Zogale yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya kashe su duka. Sai an tafasa ruwan, ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, ko a sa maganin tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin kwalinsa. Inda itace ya yi wuya, rana ma tana aiki: a zuba ruwan da ya riga ya washe a farar kwalbar roba mai tsabta wadda ba ta wuce lita 2 ba, a rufe, a kwantar da ita a kan rufin kwano awa 6 cikin rana mai ƙarfi. Idan akwai hadari sosai, sai ta yi kwana biyu. Ruwa mai laka ba ya tsarkaka ta wannan hanya, domin hasken ba ya ratsa shi. Wannan aiki ne da yaro ɗan shekara takwas zai iya ɗauka ya zama nasa, babba ya ɗora masa kwalaben a sama.

Wani ɗan wasa da ke tafiya da wannan: a shimfiɗa farar leda mai haske a kan rubutun jarida, a ɗiga ɗigon ruwa ɗaya. Harafin da ke ƙarƙashin ɗigon zai ƙara girma. Da irin wannan ƙaramin madubi mai kumburi, amma na gilashi, wani ɗan kasuwar yadi a ƙasar Holand mai suna Leeuwenhoek ya ga ƙananan halittu suna iyo a ɗigon ruwa, ya rubuta labarinsu a 1676. Madubin da muke duba jini da shi a ɗakin gwaji jikan wancan ne.

Sauro a cikin kwalba

Idan za ku yi gwaji ɗaya tak daga cikin ɗan littafin nan, ku yi wannan da damina. Manya da yawa ba su san cewa ƙananan tsutsotsin da ke mutsu-mutsu a ruwan tsohuwar taya 'ya'yan sauro ba ne. Na sha jin ana cewa sauro daga ciyawa yake fitowa, ko daga masara idan ta yi bunu. Ciyawa maɓoyarsa ce da rana. Haihuwarsa a ruwa take.

Ku zaga gida da yara ku duba duk inda ruwa ya kwana: fasasshen tulu, gwangwani, taya, kwata, ramin da aka haƙa ƙasar gini, sawun shanu a bayan gida. A ɗebo da ludayi, kada a sa hannu, kuma kada yaro ya shiga kududdufi, saboda tsargiya da kuma nutsewa. A zuba ruwan da tsutsotsinsa a kwalba mai faɗin baki, a rufe da guntun tsohon gidan sauro, a ɗaure tamau da zare. A ajiye a inuwa. Kowace safiya yara su leƙa, wanda ya iya rubutu ya rubuta kwanan wata da abin da ya gani, ƙaramin kuma ya zana.

Za su ga tsutsotsin suna tasowa saman ruwa suna tsayawa. Iska suke shaƙa. Idan an ƙwanƙwasa kwalbar sai su nutse, jim kaɗan su dawo. Ku sa yara su lura da yadda kowace ke tsayawa. Wadda ta rataye kanta ƙasa, wutsiya sama, ta sauron kwata ce ko ta sauron gwangwani. Wadda ta kwanta miƙe a ƙarƙashin fatar ruwan, kamar tsinke, ita ce ta sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Irin wannan ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke bugu, kamar na sawun shanu da ƙananan tafkuna.

Bayan 'yan kwanaki tsutsa za ta dunƙule, ta zama kamar waƙafi mai babban kai. A wannan mataki ba ta cin abinci. Kwana biyu ko uku bayan haka bayanta zai tsage, sauro ya fito ya tsaya a kan ruwa yana shan iska har fikafikansa su bushe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, a lokacin zafi, mako ɗaya ne zuwa biyu. Wannan lissafi shi ne ribar gwajin. Idan kowane mako an kifar da duk abin da ya tara ruwa, an cike ƙananan ramuka da ƙasa, an rufe randa, to 'ya'yan ba za su kai ga tashi ba. Ku zaɓi rana ɗaya a mako, ku naɗa yara masu duba gari. Sun fi mu ganin gwangwanin da ke bayan rumbu.

A raba wasu tsutsotsin a kofi dabam, a ɗiga musu ɗan man gyaɗa. Man zai shimfiɗu a sama ya toshe musu hanyar iska, kafin gobe sun mutu. Waɗanda suka zama sauro a kwalba kuma kada a sake su. A zuba ruwan sabulu ta cikin ragar, a girgiza, sannan a zubar a busasshiyar ƙasa.

Macen sauro ce kaɗai ke cizo, don tana bukatar jini ta yi ƙwai. A ranar 20 ga Agusta 1897, a Indiya, likita Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar zazzaɓi a cikin tumbin sauro. Kafin nan, Turawa sun ɗauka mugun iskan fadama ne ke kawo ciwon. Tsabtace gida ba ya maye gurbin gidan sauro, domin sauro yana tasowa daga nesa. A yi duka biyu.

Jaririn roba

Gudawa ba ta kashe yaro da ciwo, tana kashe shi ne da ƙarewar ruwan jiki. Don nuna wannan, a ɗauki kwalbar roba, yara su zana mata ido da baki. A huda ƙaramin rami kusa da gindi, a toshe da tsinke, a cika ta da ruwa, a yi alama inda ruwan ya tsaya. A cire tsinken. Ga jariri yana gudawa. A ba yaro ɗaya kofi da cokali, aikinsa shi ne kada ruwa ya sauka ƙasa da alamar. Zai gane da kansa cewa sai ya yi ta zubawa kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Sai a tambayi yara: wanda ya ce a hana mai gudawa ruwa don ta tsaya, me zai faru da wannan jaririn? A jikin ɗan mutum, alamar saukar ruwan ita ce ido ya faɗa, maɗiga ta loɓa, baki ya bushe, fitsari ya ragu.

Daga nan a koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari. Na ƙunshi da ake bayarwa a asibiti shi ya fi, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan babu, a lita ɗaya a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, ba a tulle ba, da gishiri rabin cokalin shayi. Yara su auna da kansu, su ɗanɗana. Kada ya fi hawaye gishiri. A nemi kwalba ko kwanon da ya cika lita daidai, a yi masa alama, kowa a gidan ya san shi. Abin da ya kwana ya wuni, wato awa 24, a zubar a haɗa sabo.

Me ya sa ba za a ƙara gishiri ko sukari don ya fi ƙarfi ba? A yanka albasa ko tumatir, a barbaɗa gishiri a yanki ɗaya, a bar ɗaya haka. Bayan rabin awa mai gishirin zai yi ta tsatsar ruwa ya yi laushi. Gishiri mai yawa janye ruwa yake yi, sukari mai yawa ma haka. Idan awon ya yi daidai kuwa, sukarin ne ke taimaka wa hanji ya tsotse gishirin, ruwa kuma ya bi su zuwa cikin jini. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladesh da ke Indiya, kwalara ta ɓarke, ruwan ƙari na jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa dangi su riƙa ba marasa lafiya wannan haɗi da baki. Mace-mace suka sauka daga kimanin 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. A ci gaba da ba da nono da abinci, a karɓi ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Yaron da ya kasa sha, ko yake amai ba tsayawa, ko akwai jini a kashinsa, ko ya yi lakwas, a kawo shi nan take.

Numfashi da iska

A naɗe takarda mai kauri kamar bututu, a ɗora baki ɗaya a ƙirjin Baba, yaro ya sa kunne a ɗayan. Da naɗaɗɗiyar takarda irin wannan wani likitan Faransa, Laennec, ya fara sauraron ƙirji a 1816. Yara su ƙirga bugun zuciyar juna na minti ɗaya, su zaga gida da gudu sau uku, su sake ƙirgawa.

Wanda ya iya wannan zai iya ƙirga numfashin ƙaninsa yana barci, yana kallon cikin yana tashi yana sauka, da agogon waya a hannu. Ku rubuta waɗannan lambobi a bango. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Yaro mai tari da numfashinsa ya kai haka alhali yana kwance shiru, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki idan ya ja iska, ana zargin limoniya. Ba a jira gobe.

Da hunturu kuma a kunna guntun kyandir a faranti, babba ya kife kofin gilashi a kai. Wutar za ta yi ƙasa ta mutu, domin ta cinye rabon iskar da take bukata, wanda mu ma shi muke shaƙa. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ya fi haka muni, don yana fitar da wata iska mai guba marar wari marar launi. Tana fara wa da ciwon kai da jiri, mai barci kuma ba ya farkawa ya ji. Kasko ba ya kwana a ɗaki, ko da garwashin ya yi ja babu hayaƙi.

Zoɓo mai canza launi

Wannan na nishaɗi ne, ƙanana sun fi sonsa. A jiƙa zoɓo ba sukari, a raba a kofi uku. A matsa lemun tsami a na farko, zai ƙara ja mai haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Na uku a bar shi don kwatanci. A wani kofin a sa garin kanwa a matsa lemun tsami a kai, a ji yana ƙuna yana kumfa. A jefa ɓawon ƙwai a ruwan lemun tsami ya kwana biyu, a ga yadda ya zaizaye. Haka tsamin da ƙwayoyin cuta ke yi daga ragowar alewa yake cin haƙori.

Lemun tsami da kanwa masu sauƙi ne. Suna da 'yan'uwa masu ƙarfi da ba a wasa da su: ruwan batir a ɓangaren tsami, sodar yin sabulu a ɓangaren kanwa. Ruwan soda kamar ruwan sha yake a ido, kuma kurɓa ɗaya tana iya ƙone maƙogwaron yaro har ya kasa haɗiyar abinci. Kada a yi gwaji da soda, ruwan batir, kananzir, fetur, maganin ƙwari ko takin zamani, kada kuma a zuba su a kwalbar lemo ko ta ruwan sha. Ku sa wa yara doka cewa ba a ɗanɗana komai a gwaji sai babba ya ce a ɗanɗana. Idan yaro ya sha soda ko kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko nono. A kawo shi asibiti da gaggawa, a riƙo kwalbar abin da ya sha mu gani.